Sawu Marar Yatsu

Maccido na zaune a ƙofar gidansa a Unguwar Rogo yana tufka igiyar akuya, sai ga mota ta tsaya gabansa. Shi Maccido mai bin sawu ne, gadon gidansu. Da ƙuruciya ya bi ɓarayin shanu daga bakin gulbi har inda ƙafa ta gaji. Yanzu gwiwa ta ƙi, birni kuma ya cika da kwalta da siminti, sai jefi-jefi ake tunawa da shi, in an haura katanga ko an kwance ragon wani.

Wanda ya fito daga motar Abdulhamid ne, babban ɗan Malam Abdullahi na Mabera, ma'aikacin gwamnati mai natsuwa. Amma yau hularsa a karkace take.

"Baba Maccido, Malam na kira. An yi muna sata."

"Subhanallahi. Mi anka ɗauka?"

"Lambar Sa'ad."

Maccido ya aje igiyar. Duk Mabera ba wanda bai san Kyaftin Sa'ad ba, ƙanen Abdulhamid, wanda 'yan bindiga suka kashe a daji farkon damina. Bayan rasuwarsa aka kira iyalinsa bariki, aka ba da lambar yabo ta jarumta da sunansa. Malam ya sa aka buga ƙusa a zaurensa, aka rataya ta ƙarƙashin hoton mamacin. Mutane har daga wasu unguwanni sukan zo gaida Malam don kawai su ɗaga kai su gan ta.

"Kun tattake wurin?"

"Malam ya hana. Ya kihe ƙwarya bisa sawun."

"To, Malam ya san aiki," in ji Maccido. Ya ɗauki sandarsa.

*

Kafin su iso, ƙofar gidan ta cika. Kun san halin unguwa, kowa ya riga ya kama ɓarawonsa a baki. Wasu na cewa Yari mai sayen tsoffin ƙarafa ne, da yake kullum yana gittawa da kurarsa. Amma mafi yawa idonsu na kan wani dogon mutum da ke zaune shi kaɗai a dakali, hannunsa na hagu rataye a wuya. Kofur Lawwali ke nan, ɗaya daga cikin yaran Sa'ad, wanda ya dawo daga wannan faɗan da harsashi a kafaɗa. Dakalin mai faɗi ne, amma ba wanda ya zauna kusa da shi.

Zauren Malam na tsohon yayi ne. Da aka gyara gidan aka shafe ko'ina da siminti, Malam ya ce a bar masa rairayinsa. Kowace yamma ake baje shi da tsintsiya. Tabarma ce shimfiɗe tun daga ƙofar waje har ƙofar da ke shiga cikin gida, sai can gefen bango, wurin hoton, aka bar rairayi fili.

"Allah gafarta Malam."

"Maccido, ka iso? Ga abin da munka tashi da shi." Malam bai ɗaga murya ba, carbinsa ne kawai ke sauri. "Na hita sallar asuba na bar ƙofa a saye, kamar kullum. Da munka dawo, ƙusa kaɗai."

Maccido ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga ƙwaryar. Sawu biyu ne. Diddige haɗe da diddige, gaba a buɗe. Ba na takalmi ba ne, ba kuma na ƙafa tsirara ba, don ba yatsa ko ɗaya, sumul kamar an danna ƙaramin tulu cikin rairayi.

"Ka gani, Baba?" in ji Abdulhamid. "Tsayuwar soja ta. Kowa na ganin Kofur duk maraice, ya zo nan ya ƙame ya sara ma hoto. Kuma ya naɗe ƙafa da tsumma don kada a gane shi. Wa ya san wagga dabara in ba soja ba?"

"Mai yiwuwa," in ji Maccido.

"Da kunnena na ji shi yana cewa lambar ga ba ta inda ya kamata. Na ba shi zuwa la'asar. In bai hito da ita ba, zan kira bariki su zo su ɗauki abinsu."

Maccido ya san abin da hakan ke nufi. Sojan da aka kama da satar lambar ogansa mamaci, ba aikin kaɗai zai rasa ba. Ko wanke shi aka yi daga baya, ba zai sake zama a dakalin kowa ba.

Maccido ya kwantar da kai ya dubi sawun ta gefe. Bai nutse sosai ba. Bayansa akwai wani rabin sawu, na wanda ya ja da baya ya hau tabarma. A bakin diddigen dama ya hangi wani ɗan ɓarɓashi baƙi-baƙi, bai kai ƙwayar dawa ba. Kashin ɓera ne, ko busasshen ganye, bai sani ba. Ya tsince shi ya soke a naɗin hularsa, ya mayar da ƙwaryar.

*

Ya fita ya zauna a dakali, gab da Lawwali, har kafaɗarsu na gogayya. Mutane suka zuba musu ido.

"Kofur, ya hannu?"

"Da sauƙi, Baba."

"Kai ka ɗauka?"

Lawwali ya juyo ya dube shi. Idonsa ja, amma ba hawaye. "Baba, mutumin da ya goya ni a bayanshi?"

"Ba ni labari. Ni ban taɓa ji daga bakin wanda ya gani ba."

Lawwali ya fara, a hankali.

"Bakin wani rafi sunka yi muna kwanto. Ruwa ya kawo, motarmu ta gaba ta kafe. Wuta ta ko'ina. Yara sunka rikice, wasu na son gudu cikin daji, inda ko anka shiga an gama. Sai Oga ya miƙe tsaye. Tsaye, Baba, kowa na kwance. Yana kiran kowa da sunanshi, kamar muna fareti. Wane, koma dama. Wane, riƙe nan. Murya ba ta rawa. Da jin haka hankalinmu ya dawo jikinmu. Ya sa munka ƙetare kaɗan-kaɗan, shi yana baya. Ni anka harbe tsakiyar ruwa. Ya dawo ya saɓe ni, yana ce mini, Lawwali, ka cika nauyi, daga yau an rage maka tuwo." Ya ɗan murmusa. "Ya aje ni, ya koma ɗauko wani. Wancan ya tsira. Shi bai hito ba."

"Allah ya jiƙan shi."

"Amin."

"To mi ya sa kac ce lambar ba ta inda ya kamata?"

"Bakina ne ya yi sauri. Ba huruminmu ba ne, gidan manya." Ya sunkuyar da kai. "Amma mu a wurinmu, in soja ya faɗi, matarshi aka miƙa ma. Kuma Oga ba ya da zance sai nata. Yakan ce muna yana da kurtu guda a gida, ya koya mata ƙamewa, in ya shigo sai ta haɗa ƙafa ta sara mai. Wai ta fi mu iyawa."

Maccido ya dubi ƙafafun Lawwali cikin silifa, manya kamar faranti. Mutum mai wannan jiki, in ya tsaya a rairayi sai ya bar rami. Amma wannan ba hujjar da za ta tsayar da Abdulhamid ba ce. Tsumma na ƙara faɗi, yana kuma rage nutso, haka za a ce masa.

"Ina kake da asuba?"

"Ɗakina. Ciwon ba ya bari na barci sai gab da asuba, na makara."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Ya isa shaida, sai dai ba ya zuwa zaure," in ji Maccido. Ya dafa sandarsa ya tashi.

*

Yari na bayan layi, yana jibga tsoffin tukwane a kura. Da ya hango Maccido ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Tsaya, tsaya, kada ka ƙarar da rantsuwar, ka rage ta gobe. An ce an gan ka nan da sassahe."

"Awo, na wuce. Kullum nika wucewa. Baba, ni kilo nika saye. Abin ga ko cokali bai kai nauyi ba, in kai ma wa? Kuma lambar Kyaftin? Shi da ya taɓa tsayawa da kakinshi ya taya ni tura kura?"

"Ɗaga ƙafarka."

Yari ya ɗaga. Takalmin taya ne, diddigen hagu ya cinye ta waje, don yana tafiya yana wurga ƙafa. Maccido ya bi sawunsa da ido a gefen kwata: ya zo, ya wuce ƙofar Malam bai ko rage sauri ba, kura na gabansa.

"Ka ga wani ya hito daga zauren?"

"Ko kaza. Ƙofa a saye take, na ji liman na karatu."

Wannan ta tsaya wa Maccido a rai. Ya koma ƙofar gidan ya yi ta kewaya, yana duban 'yar ƙasar da ta rage tsakanin dakali da kwalta. Ga sawun Malam, ga na masu zuwa kallo. Mai naɗaɗɗiyar ƙafa dole ya tsaya wani wuri ya ɗaura, ya kuma tsaya ya kwance. Ba inda aka tsaya. Sawun nan bai shigo ta waje ba, bai kuma fita ba.

Sai zuciyarsa ta tafi kan Abdulhamid. An ce ya so a kai lambar ofishinsa a sa ta cikin gilashi, Malam ya hana. Maccido ya tambaye shi kai tsaye. Abdulhamid bai yi fushi ba.

"Na so, Baba. Ni na karɓo ta da hannuna, ni na ji abin da anka karanta a kanshi. Amma sahu guda muke da Malam yau da asuba, tambayi liman."

Ya tambaya. Haka ne.

*

Rana ta take, azahar ta wuce. Maccido ya yi sallama a ƙofar cikin gida. Uwargidan Malam, Hajiya Lantana, taubashiyarsa ce, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su taɓa juna da baki ba. Ko makoki bai hana ta ba.

"Wa nika ji? Tsohon da ya kasa gane sawun akuyarshi?"

"Ni na, Hajiya. Na zo ki ba ni ruwa, tunda ba ki iya fura ba."

Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, ta kawo kofin ruwa da kanta, ta zauna nesa kaɗan ta miƙe ƙafa. Tsakar gida an jera akwatuna da kwanuka an ɗaure.

"Tafiya za a yi?"

"Muhsina ta, matar Sa'ad. Yau ta hita takaba, da maraice 'yan'uwanta za su zo su tahi da ita." Muryarta ta sauka. "Ɗiyar kirki. Ko haihuwa ba su samu ba, balle in ce ta bar mini wani abu, ko ta tahi da wani abu. Ga shi ranar da za mu sallame ta da daɗi, wanga abu ya faɗo."

Maccido na sauraro, idonsa kuwa na inda ya saba zuwa. Ƙafafun Hajiya jawur suke, har baƙi-baƙi a gefe.

"Tsohuwa da ke, wa kika yi ma ƙunshi?"

"Kai dai baƙin ciki. Na hitar takaba na. Jiya da dare munka ƙunsa, ni da ita da Khaula autata, don kada ta yi ita kaɗai. Munka ɗaure da leda da tsumma munka kwana. Nawa ka gani, ya kama. Na Khaula ya kama. Nata ne ya dame a diddige, kamar wadda ta yi yawo cikin barci."

Maccido ya aje kofin. Ya zare ɗan ɓarɓashin nan daga hularsa, ya sa a tafin hannu, ya ɗiga masa ruwa, ya murza da yatsa. Ya jira. Da ya goge, wurin ya yi ja-ja kamar ɓawon goro. Ya kai hanci. Ƙamshin da marigayiya matarsa Sadiyatu kan cika ɗaki da shi duk daren sallah.

Ya daɗe yana duban tafin hannunsa.

"Hajiya, ran da anka ba da lambar ga a bariki, wa ya tahi?"

"Malam da Abdulhamid. Mu muna gida, ita tana takaba."

"Da sunka dawo, an shigo da ita ciki?"

"A'a, zaure anka wuce da ita, maza sun cika ana ta addu'a. Ni da Khaula mun leƙa daga baya."

"Ita fa?"

Mai takaba ba ta zuwa zaure. Surukar Malam kuwa, ko ba takaba, ina ita ina zauren da yake zama? Hajiya ta dubi akwatunan, ta dubi ƙofar ɗakin da ke rufe a can ƙarshen tsakar gida, ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta.

"Duk watannin ga," ta ce. "Ba wanda ya tuna. Har ni."

"Kada ki ce mata komi. Ki dai kawo su, ita da Khaula, bayan ƙofar zaure in an yi la'asar. Ta san wa aka tuhuma?"

"Mun ɓoye mata, don kada ranta ya ɓaci."

"To, a bari ta ji."

*

Bayan la'asar aka taru a zaure. Malam na kan buzunsa, Abdulhamid na gefensa da waya a hannu. Yari ya rakuɓe a bakin ƙofa. Lawwali na tsaye, ya ƙi zama. Maccido ya sa aka sallami 'yan kallo aka rufe ƙofar waje. Ta bayan ƙofar ciki ana jin motsin mata.

"Allah gafarta Malam, na bi sawu. Yari bai shigo ba. Abdulhamid na masallaci. Saura Kofur, wanda in ban yi magana ba yanzu, za a kira bariki a tahi da shi a kan ya saci lambar ogansa."

Ya faɗi wannan da ɗan ƙarfi. Bayan ƙofa motsi ya tsaya.

Ya ɗaga ƙwaryar. "Ku duba. Mai sata sauri yakai, ba ya tsayawa ya haɗa diddige. Wanda ya tsaya nan gaisuwa ya yi. Kuma ba shi da nauyi, bai kai rabin Kofur ba. Da ya gama bai juya kamar soja ba, da baya ya ja, kamar mai jin kunyar wurin. Bai shigo ta waje ba, bai hita ta waje ba."

"To tsumman fa?" in ji Abdulhamid.

"Ba don ɓoye sawu anka ɗaura shi ba." Maccido ya buɗe tafin hannunsa, ya nuna jan tabon. "Wanga na tsinta a diddigen. Malam, sawun ga ya kai ni bakin ƙofar da ba ni da izinin shiga. Nan aikina ya tsaya. Abu guda zan ƙara: a ganina ba a yi sata a gidan ga ba."

Carbin Malam ya tsaya.

Sai ƙofar ciki ta motsa. Muhsina ta fito cikin sabon mayafi, kanta a ƙasa, Hajiya na riƙe da kafaɗarta. Ta durƙusa tun daga bakin tabarma. Ba ta taɓa yin magana gaban Malam ba in ban da gaisuwa, don haka da Hajiya ta yi, muryarta kamar ta mai zazzaɓi.

"Inna, ki ce ma Baba ni ta. Gani kawai na so in yi kahin in tahi. Na jira sunka hita masallaci. Zauren da duhu, ban ga rubutun ba, na ce in kai ɗaki in duba a haske in maido. Ina cikin dubawa na ji sun dawo. Na yi ta neman bakin da zan faɗa. Wallahi ban san an ce Kofur na ba."

Ta buɗe hannu. Ga lambar, da ƙyallenta, ta jiƙe da zufa. Ta aje ta a gefen buzun Malam, ta mayar da hannu cikin mayafi.

Abdulhamid ya sa wayar a aljihu. Ya tashi ya je gaban Lawwali. "Kofur, na zalunce ka. A gaban mutane na faɗa, a gabansu zan warware."

"Ya wuce, yallaɓai. Zafin ɗan'uwa na."

Malam ya ɗauki lambar, ya juya ta a hannu.

"Muhsina," ya ce. Bai taɓa kiran sunanta ba sai yau. "Tun da anka kawo ta, ba ki gan ta ba?"

Ta girgiza kai.

"Mutanen Gidan Igwai sun gani. Mutanen Runjin Sambo sun gani." Ya juya ga Lawwali. "Kofur, ku a wurinku, yaya aka yi?"

"Matar aka miƙa ma, Malam. A tsaye."

"Mu ba mu sani ba, kuma ba mu tambaya ba. Zo ka yi yadda aka yi."

Lawwali ya karɓa da hannunsa mai lafiya. Hajiya ta ɗaga Muhsina. Ya tako har gabanta, ya faɗi sunan Kyaftin Sa'ad Abdullahi cikakke, ya faɗi abin da ya yi a bakin rafin nan, gajere, yadda ake karantawa a fareti. Ya miƙa mata. Sannan ya ja da baya taki ɗaya, ya sauka daga tabarma, ya haɗa diddige, ya sara.

Muhsina ta riƙe lambar a ƙirji da hannun hagu. Kanta na ƙasa, ga Malam, ga Abdulhamid, ga baƙi. Maccido, da idonsa ba ya barin ƙasa, shi ya fara gani: jajayen ƙafafun nan masu damammen diddige suna matsowa a hankali, har suka haɗu.

Ta ɗaga hannun dama ta rama.

Yari ya juya yana share ido da hularsa. Hajiya ta ce, "Kai tsoho, ka sa mutane kuka, ko furar ba ka sha ba."

"Ki dama, ina nan," in ji Maccido.

Da maraice, bayan mota ta tafi da Muhsina da akwatunanta, Khaula ta shigo da tsintsiya za ta baje rairayi. Malam ya ɗaga mata hannu. Ya tashi da kansa ya zare ƙusar daga bango. Sannan ya ɗauki ƙwaryar, ya mayar da ita a hankali bisa sawun nan marar yatsu.

"Share ko'ina," ya ce. "Ki bar nan."